Injinmu a Kan Tabarmar Karta

Ni matsoraci ne, ban kuma taɓa ɓoye wa kowa ba. A gidanmu an raba hali tun muna ƙanana, yayana ya kwashe zuciya, ni aka bar ni da faɗuwar gaba. Har na girma na samu aiki a ofishin ƙaramar hukuma a Maiyama, in shugaban sashenmu ya aiko kirana sai na tsaya a bakin ƙofa na lalubi laifin da na yi kafin in shiga, alhali sau da yawa biro kawai yake son ara. Na faɗi wannan ne don a san irin mutumin da aka zaunar a gaban karta ranar da zan ba da labari.

Mahaifinmu ya rasu ya bar mana gonar fadama a Aliero da injin ban ruwa guda ɗaya. Ba wani babban inji ba ne, mutum ɗaya mai ƙarfi yana iya ɗaga shi ya ɗora a babur. Amma shi ne ke shayar da albasarmu duk rani, albasar kuma ita ce abincin Inna, da na iyalin yayana, da ɗan abin da ke rufa min asiri in albashi ya yi nawa. Yayana ke noman, ni sai ranar hutu nake leƙawa in riƙe masa tiyo. Wanda bai san albasa ba ba zai gane ba. In ta fara ƙwai zafi kuma ya shigo, ba ta yafe ƙishirwa. Ka hana ta ruwa 'yan kwanaki, ganyen ya kwanta, ƙwan ya tsaya inda yake, wahalar shekara ta bi iska. Aron inji kuwa a wannan lokaci ba ya samuwa, kowa nasa yana ruri tun asuba.

Kafin ya zauna noma, yayana ya yi shekaru yana bin manyan motocin da ke kai albasa kudu. Can ya koyo wani wasan karta da mutanenmu ke kira rufa-ɗaya. Direbobi suna cewa daga ma'aikatan jirgin ruwa aka same shi a bakin teku. Daga baya na karanta a waya cewa Turawa poka suke ce masa, a Amurka aka haife shi, ya yi girma a hannun sojoji da matafiyan kogi, har akwai wani irinsa mai kati bakwai. Mu dai na biyar ne ya iso mana, a bayan motar albasa.

Dokarsa ba wuya. Kowa ana ba shi kati ɗaya a rufe, shi kaɗai zai ɗaga gefensa ya gani. Sauran huɗun ana ba da su ɗaya bayan ɗaya a buɗe, kowa na kallo. Duk katin da aka ajiye sai a tsaya a yi magana: ka zuba, ko ka bi abin da wani ya zuba, ko ka ƙara a kai, ko ka kife katinka ka haƙura da abin da ka riga ka zuba. A ƙarshe in an rage mutum biyu ba wanda ya janye, sai a buɗe na rufe a ga wanda ya fi. Biyu iri ɗaya sun fi warwara, uku sun fi biyu, biyar masu zane ɗaya kuma sun fi ukun. In kuwa ka tsorata abokin wasanka ya kife, ka ci ke nan, ba wanda zai ga abin da ka rufe. Saboda haka rabin wasan ba a kan tabarma yake ba, a fuskar mutane yake.

Yayana ya koya min a zaure da damina, muna zuba gyaɗa. Ban taɓa cinsa ba ko sau ɗaya. Da na ɗaga gefen katina sai ya fashe da dariya, ya ce fuskata kasuwa ce, kowa ya shigo ya ga abin da aka kasa. Na ɗauka abin a gyaɗa ya tsaya. Ina jin ƙishin-ƙishin cewa ranar kasuwar Jega yakan daɗe bai dawo ba, amma tambayar babban wa inda ya tsaya ba ta cikin abin da zuciyata ke iyawa.

Ranar da abin ya faru ina ofis bayan azahar sai Inna ta kira ni.

Ta ce, "Yayanka ya tahi Jega da injin tun da sahe, wai gyara. Har yanzu shiru, wayatai ko a kashe. Albasa tun shekaranjiya ba ta sha ba. Tahi ka dubo mani shi."

Hatsari na fara kawowa a raina. Duk hanyar daga Maiyama ina tuƙi ina duban gefen titi, ko zan ga taron mutane. Na isa wurin makanikin da ke mana gyara, na same shi yana wanke hannu da fetur. Ya ce tun hantsi ya gama, mai inji ya ɗauki abinsa. Na ce ina ya nufa? Ya ɗan dube ni, sannan ya tura leɓe wajen bayan rumfunan mahauta, ya koma kan aikinsa. Wannan leɓen ya fi hatsarin da nake tsoro tayar min da hankali.

Na bar babur a bakin lungu, na riƙe makulli a hannu, na bi ta bayan inda ake shanya fatu. Wari da ƙuda suka tare ni. A ƙarshen lungun akwai wata rumfar zana da aka toshe gabanta da tsofaffin buhuna. Abin da na fara gani da na leƙa shi ne injinmu. Yana tsaye a gefen tabarma, an goge shi, igiyar tayarwarsa sabuwa fil. Na san shi kamar yadda na san fuskar Inna, har da lotsawar da ke jikin tankinsa tun ranar da ya faɗo daga amalanke.

Mutum shida ko bakwai ne a ciki, amma biyu kaɗai suka rage a wasa, sauran sun kife. Ɗaya yayana. Ɗayan kuma, da na gane shi, sai na so a ce ban shigo ba. Wani tsohon mahauci ne, abokin mahaifinmu, yana cikin waɗanda suka ɗauki makararsa. Tun muna yara in mun haɗu da shi har ƙasa muke tsugunawa. Ban taɓa sanin ɗan karta ne ba. Yana zaune ya tanƙwashe ƙafa, wuƙarsa cikin kube a gefen cinyarsa, hannayensa duk tabon yanka. Na uku da ya kamata a sani shi ne mai rabo, wani dogo mai jan ido da ke riƙe da kartar, shi ne alƙalin wurin.

Yayana ya ɗago ya gan ni. Ya ce, "Kai, mi kaz zo yi nan?"

Ni dai katin nake kallo. Kowannensu yana da na rufe ɗaya da uku a buɗe. A gaban tsohon akwai sarki biyu da wani ƙaramin baƙi. A gaban yayana akwai jajaye uku masu zanen zuciya, ba biyun da suka yi daidai. Tsakiyar tabarma kuɗi ne a tare, gaban yayana kuwa wayam. Tsohon ya riga ya zuba, ana jiran yayana ya bi ko ya kife. Ina tsaye ina gani ya miƙa hannu baya, bai ko waiwaya ba, ya dafa tankin injin.

Ya ce, "Na bi da wanga."

Mai rabo ya dubi tsohon, tsohon ya gyaɗa kai. Mutum biyu suka ja injin har ƙafarsa ɗaya ta hau kan tabarma. Na ji fitsari ya kama ni lokaci guda. Abin da ya zo min a rai shi ne ganyen albasarmu a rana, da Inna zaune tana jiran ƙarar inji.

In ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Yayana da ba ya tsoron ɗan sanda ba ya tsoron macijin fadama, akwai mutum ɗaya da ke sa shi rawar jiki, wato surukinsa, uban matarsa, dattijo mai limanci a unguwarsu. Mai rabo na shirin ajiye kati na biyar sai wani mai sayar da fata ya leƙo ya ce ga wani dattijo can a bakin lungu yana tambayar yayana, wai an ce masa an ga ya shigo nan, zai sayi san noma yana son a taya shi dubawa. Ya kwatanta shi da farin gemu da carbi. Yayana ya miƙe zumbur, hularsa ta faɗi.

Mai rabo ya ce, "Ka san doka. Wanda yat tashi ya zubar. Karta ba ta jiran kowa. Sai in jininai ya zamna mai."

Duk rumfar aka juyo aka dube ni. Na girgiza kai, na ja da baya har na bugi zana. Yayana ya kamo wuyan rigata ya danna ni ƙasa a wurinsa, inda tabarmar ke da ɗumin jikinsa. Ya sunkuyo ya sa baki a kunnena. Na ɗauka zai gaya min abin da ke rufe. Abin da ya ce kawai shi ne, "Kak ka hwaɗa ma Inna." Ya ɗauki hularsa, ya ɓula zana ta baya, don ya zagayo wa surukinsa ta wajen masallaci.

Hannuna ya nufi katin da ke rufe. Mai rabo ya tare shi da bayan hannu.

Ya ce, "A'a, malam. Mutum biyu ba su ganin na ruhe guda. Shi ya gani, kai sai dai ka ɗauka yadda kat tarar."

Wannan dokar ba ta cikin abin da na koya a zaure, ban kuma gan ta a waya ba daga baya. Tasu ce, ta rumfar. Ga ni nan zaune, ma'aikacin gwamnati da katin shaida a aljihu, a wurin da in aka kawo kame sunana ya ɓaci har Maiyama, gadon ubana a kan tabarma, ina riƙe da wasan da ban san cikinsa ba. Na tuna ban ma gaida tsohon ba. Na cire takalmi a zaune, na sunkuyar da kai, na ce, "Baba, ina wuni." Wani ya yi dariya. Tsohon ya amsa a hankali kamar a ƙofar gidansa muke, har ya tambayi mutanen Maiyama.

Mai rabo ya ajiye na biyar. Tsohon ya samu wani ƙaramin kati da bai ƙara masa komai ba. Nawa ya faɗo ja, mai zuciya. Rumfar ta yi wani irin numfashi. Ko ni da tsoro ya toshe wa kai na gane inda aka tsaya. Zuciya huɗu a buɗe a gabana. In na rufen ma zuciya ne, na ci, ko da tsohon yana da sarki na uku a ɓoye. In ba zuciya ba ne, sarakunansa biyu sun ishe shi ya tafi da injin. Zane huɗu ne a karta, ɗaya kaɗai ke cetona.

Mai babban kati a buɗe shi ke fara magana. Tsohon ya daɗe yana kallona. Ban gan shi ba, don ban iya ɗaga ido in dubi sa'an ubana ba, amma ina jin idonsa a goshina kamar zafin murhu. Abin da nake gani kawai yatsun ƙafarsa da kuben wuƙar.

Ya ce, "Ban zuba komi ba. Ɗana, magana taka ta."

Kalma ɗaya ta rage min. In ce a buɗe, a juya katin, Allah Ya yi yadda Ya so. Amma na kasa faɗinta. Muddin ban ce ba, injin namu ne. Da na ce, wataƙila ya zama na wani. Zufa ta karyo min, tana bin bayana har cikin wando. Sai wani tunani ya zo min irin na matsorata: in roƙe shi. In haɗa hannu biyu in ce Baba ka dubi zumuncinka da mahaifinmu, ka bar mana injin, in ya so kuɗin ka kwashe. Makullin babur yana hannuna tun shigowata, na matse shi har ya yi min shaida a tafi. Don in samu hannu biyu, sai na yi abin da kowane namiji a garinmu ke yi sau biyar a rana in ya hau tabarmar masallaci. Na ajiye makullin a gabana.

Rumfar ta yi tsit. Na ɗago hannuna na haɗa, kafin in ce Baba, mai rabo ya riga ni.

"Ya ƙara babur."

Na ce, "A'a, ni ba..."

Ya ce, "Abin da yat taɓa tabarma ya shiga. Ba a ɗauka."

Ya sa ɗan yatsa ya tura makullin tsakiya, kan kuɗin. Na bi shi da ido. Wallahi a lokacin ban ji zafin babur ɗin ba, ban ma tuna da shi nake zuwa aiki ba. Abin da na ji shi ne na rufe ƙofar roƙo da hannuna. Wanda ya ƙara ba ya roƙo. Hannayena suka sauko kan gwiwa suna rawa, na danne su, gwiwoyin ma suka ɗauka.

Yanzu magana ta koma kan tsohon. Ko ya bi da abin da ya kai babur, ko ya kife. Wani a bayansa ya ce ai yana da sa ɗaure a mayanka na yankan gobe, ya isa. Na ji tsohon ya gyara zama, ya matso har gwiwarsa ta kusa taɓa tawa. Warin kitse da taba ya cika min hanci.

Ya ce, "Ɗago ka dube ni."

Na yi ƙoƙari. Idona ya kai gemunsa ya dawo ƙasa.

Ya ce, "Mi yayanka yac ce maka ga kunne?"

Da na gaya masa gaskiya, da a take ya bi ya sa a buɗe. Ban yi shiru don wayo ba, ba ni da shi. Maganar Inna ce, ni kuwa ba zan ambaci mahaifiyata a rumfar caca a gaban 'yan karta ba, ko da yankana za a yi. Sai na ƙara sunkuyar da kai na yi gum.

Ya sake tambaya, na sake yin shiru. Mai rabo ya ce ba dole a amsa. Daga nan sai jira. Ban san tsawonsa ba. Ina jin ƙudaje, ina jin wani yana sara ƙashi a kan gungume can waje, kowane sara sai na zabura. Na karanta duk addu'ar da na sani, na rikita su, na dawo farko. Na yi wa Allah alkawura da ban isa in cika ba. Wani ɗigon zufa ya taru a hancina ya faɗi kan katin da ke buɗe, na ji tsoron ko shi ma za a ce ya shiga.

Can tsohon ya fara magana, ba da ni ba, da mutanen rumfar.

"Yaron ga na san shi tun shina rarrahe. Ko kaza ba shi iya riƙewa a yanka. Rawar jikin ga ba ta yau ba ta, da ita anka haihe shi, ba ta hwaɗa mani komi." Ya nuna makullin. "Amma irin wanga ba shi aje abin hawanai don banza. An hwaɗa mai abin da ar ruhe."

Ya sa hannu ya kife sarakunansa.

Ban gane ba sai da na ji hayaniya. Wani ya buga min kafaɗa, wani yana cewa ashe malamin ofis mugu ne. Mai rabo ya tattara katunan, ya ja na rufen da yatsa ya cusa shi tsakiyar kartar ba tare da ya juya shi ba. Na bi shi da kallo har ya ɓace cikin 'yan'uwansa. Ya turo min kuɗin, na ce ban taɓawa, ya ajiye wa yayana. Makullina kawai na ɗauka.

Na tashi in ɗaga injin, ƙarfina ya ƙi. Tsohon da kansa ya miƙe ya kama gefe ɗaya, muka fito da shi ta cikin fatun har bakin lungu, ya taya ni ɗora shi a bayan babur, ya karɓi robar ya ɗaure da irin ƙullin da suke wa ƙafar sa. Duk wannan ina jiran ya ce ya fasa. Da ya gama ya dafa tankin.

Ya ce, "Tare munka sayo shi da ubanku. Shi bai taɓa zamnawa wurin ga ba. Tahi, rana na yi."

Na hau hanyar Aliero ina tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai. Duk babur ɗin da ya taho a bayana sai na ɗauka an biyo ni a karɓe. Sau ɗaya na tsaya a gefen wata gona na yi fitsarin da na riƙe, na kuma yi amai, na zauna a ƙasa har jirin ya sake ni. Ban biya gida ba, don na san Inna za ta karanta fuskata kafin in yi sallama. Fadama na wuce kai tsaye.

Albasar ta yi laushi, bakin ganyen ya fara fari, amma ba ta kwanta ba. Na haɗa tiyo, na zuba ruwa a bakin injin, na ja igiya. A ja na biyu ya kama. Da ruwan ya fito ya bi kwalbati ya shiga fangalin farko, ƙasar tana shansa tana ƙara, sai na ji hawaye. Na bar su suka zubo, ba kowa a wurin.

Rana ta yi sanyi sosai kafin yayana ya iso. Ya sauka daga kan ɗan acaɓa yana murmushi, ashe ya biya rumfar an ba shi labari. Ya naɗe ƙafar wando ya shigo cikin laka, ya karɓi fartanya daga hannuna kamar ba abin da ya faru. Ya ce surukinsa ya samu sa mai kyau. Ya ce yau na fitar da shi kunya, wai duk Jega ana maganata. Na tara maganganu tun daga hanya, na shirya yadda zan gaya masa abin da ban taɓa gaya masa ba. Da ya tsaya a gabana duk suka gudu. Tambaya ɗaya ta rage, ita ce ke cina tun da mai rabo ya cusa katin nan.

Na ce, "Yaya, don Allah, mi ar ruhe? Zuciya ta?"

Ya datse bakin fangalin da ya cika, ya buɗe na gaba. Ya ce, "Oho."

Na ce, "Kamar yaya oho? Ba kai kag gani ba?"

Ya yi dariya, irin wadda yake min a zaure. Ya ce tsohon nan ba a iya masa, duk abin da ka gani sai ya gan shi a idonka, ya daɗe yana cinsa da haka. Shi ya sa ya samo dabara. In an ba shi na rufe, sai ya sunkuya ya ɗaga gefensa kamar kowa, amma ya runtse ido.

"Na hi shekara ban duba na ruhe ba," in ji shi. "Abin da ban sani ba, wa ka karanta shi ga huskata?"

Ya faɗe ta da alfahari, yana jiran in yaba. Na dube shi, na dubi injin yana ruri a bakin rijiya. A rumfa na ji tsoron tsohon, da wuƙarsa, da mai rabo, da kame, duk waɗannan na baro su a Jega. Wannan kuwa ɗan'uwana ne, shi ke kwana da injin a ɗakinsa, shi ke riƙe da gonar, kuma da ya dafa tankin nan ya ce ya bi, bai fi ni sanin abin da ke ƙarƙashin katin ba. Na zauna a kan kunyar fangali, ruwa yana jiƙa min wando ban matsa ba. Shi kuwa ya ci gaba da ban ruwa yana 'yar waƙarsa.

Ban gaya wa Inna ba, ban kuma iya yi masa faɗa ba, har yau. Abin da na iya shi ne na bi makanikan Jega da na Aliero ɗaya bayan ɗaya na bar musu lambata, in sun ga an kawo injin su kira ni. In injin ya yi tari, ni ke neman izini a ofis in zo in kai shi, in zauna a kan benci har a gama, in mayar da shi fadama da kaina. Ranar kasuwar Jega kuma, duk aikin da ke gabana, sai na kira Inna da hantsi mun gaisa, ina kasa kunne ko zan ji ta ce ya fita da wani abu.